Bayan Layin Ƙarshe

Mako goma sha biyu cif, ran Laraba,
na ja layi ƙarƙashin layin ƙarshe
da biron da Kulu ke lissafin kuɗin albasa.
Takardar ta yi laushi kamar tsohuwar naira hamsin,
gumi ya cinye lambobin sama.

Da sanda tsirara na fara,
bututun da Labbo mai walda ya yanko daga gawar tirela.
Daga nan gwangwanin madara biyu cike da siminti,
daga nan faifan birki,
ɗaya dama, ɗaya hagu, ana ɗaure su da tsumma
a rumfar kwano, bayan tashar Aliero.

Takarda ta ce tsuguna, na tsuguna.
Ta ce tura, na tura.
Ta ce ɗauko daga ƙasa, bayanka a miƙe,
gobe ka huta, jibi ƙara kilo biyu da rabi.
Ban taɓa yi mata gardama ba.
Ashe akwai daɗi a ce wani ya yi maka tunani,
kai naka nishi kawai.

Sai tamanin ta zo ta tsaya.
Sau uku ina shiga ƙarƙashinta,
sau uku ta dube ni irin kallon jaki a bakin rafi.
Na juya takardar. Bayanta fari fat.

Arzika ya matso da wayarsa mai fasasshen gilashi.
Kwana shida a mako, in ji shi,
Litinin ƙirji, Talata damtse,
kafin Sallah rigarka ta nemi gafara.
Yana magana yana leƙen kansa a madubin babur.

Labbo bai ɗago daga walda ba.
Nauyi, ya ce, nauyi kawai,
ɗaga sau uku ka aje, ka tafi gida.
Wanda ke son kyau ya je wurin tela.

Na biya ta zauren Malam Nomau mai ɗori,
ba don ciwo ba, don gaisuwa.
Yana ɗaure tsintsiyar hannun wani yaro da karare.
Na karanta masa duka biyun.
Ya tofa, ya shafa, ya ja zare da haƙori,
sannan ya ce, tau,
ni ban san wanga ilimi naku ba,
amma masu gaggawa duk ta ƙofata suka bi.

Kwana biyu ban taɓa ƙarfe ba.
Hannuna na ƙaiƙayi.

Da asubar Juma'a ina fadama,
guiwa cikin laka, ina cirar irin albasa.
A gadon reno suke cunkushe, kore shar,
kullum ka zo ka ga sun ƙara tsawo,
har mutum ya ɗauka haka za su yi ta tafiya
sai sun taɓo wayar lantarki.
Amma ka bar su nan, ba ka da ko ƙwaya ɗaya.
Sai an dasa.
Sai an ba kowace tazarar tafin hannu.
Mako guda za su kwanta kamar sun yi fushi,
daga nan girman ya koma ƙasa
inda ba mai gani, ba mai tafi.

Na tsaya da iri a hannu har ruwa ya wuce kwamina.

Da dare na ari littafin Kulu,
ta ce kar in taɓa shafin masu bashi.
Na buɗe can baya, na rubuta:
kwana uku a mako, ba shida ba.
Ɗaya mai nauyi, ɗaya sassauƙa, ɗaya a gwada.
Ƙari sau ɗaya a mako,
in jiki ya ƙi, a bar shi sai wani makon.
Lokacin cirar albasa a rage,
buhu ma ƙarfe ne, ba ya zuwa da tsumma.

Arzika zai ce na ji tsoro.
Wataƙila.

Asabar, na rubuta, saba'in.
Hannuna ya so ya mai da ita tamanin.
Na rufe biron, na mayar mata a gwangwani.