Ganyen Fita

Ranar Talata, kafin kiran azahar,
wani baƙin abu ya sauko a hankali
ya zauna a bakin kofin shayina.
Na sa yatsa, ya marmashe.
Ashe gawar ciyawa ce,
ta yi tafiyar da mota ke yi a awa biyu
don ta riske ni a rumfata, nan Alabar.

Shekara talatin ina ɗaurin huhun goro a Kumasi.
Hannuna kan gane ganye kafin ido ya gani,
wanda ya sha raɓa da wanda ya wuni a rana.
Goro ɗan gata ne, ba ya kwana tsirara.
Sai an shimfiɗa masa fita, an lulluɓe shi da fita,
an yayyafa ruwa kamar ana lallashin jinjiri,
kafin ya yarda ya isa Kano da jan fuskarsa.

Ita kuwa fitar, Ajuwa Fokuwa ke kawo mini
daga wani kwari can bayan Ofinso,
inda kurmi ke gajiya, ciyawa ta karɓi ƙasa.
Talata ba ta zo ba.
Laraba ba ta zo ba.
Alhamis sai ga ta da kwando a kife,
girarta ta hagu ta babbake.

Ta ce, Baba Tanimu, wutar nan ba gudu take ba, tsalle take.
Ta ƙetare titi yadda akuya ke ƙetare kwata,
ta kama gamba, gamba ta miƙa wa rimi,
rimi ya tsaya yana ci har asuba.
Muka fita da ɗanyen reshen kwakwa muna bugu,
mu goma sha ɗaya, bokiti uku,
rafin ma ya ƙafe tun watan jiya.
Shirwa kuwa na shawagi a bakin hayaƙi
tana walimar fāra.

Na ce, wa ya kunna?
Maharbi ya ce mai bammi ne.
Mai bammi ya ce a tambayi mai gawayi.
Mai gawayi ya tura baki wajen makiyayi,
makiyayi ya riga ya kora shanunsa gaba.
Ita dai abin da ta gani da idonta,
yara biyu suna tsallen murna
da gafiya ɗaya riƙe ta wutsiya,
a bayansu gonar kokon ƙaninta,
shukar shekara tara, tana tururi.

Na buɗe baki zan yi tsinuwa,
sai na tuna da gawayi aka tuƙa tuwon da na ci jiya,
ban kuwa tambayi buhun daga wane daji ya fito ba.
Na haɗiye tsinuwar. Ta fi goron daushe ɗaci.

Yanzu kwando goma sha bakwai ke kallona.
Alhaji Barau ya bugo waya sau huɗu,
direba na ƙorafin kuɗin kwana.
Na jiƙa tsohon ganye, ya yage a hannuna.
Na jiƙa buhu na rufa, goro ya ƙi,
ya fara yamutse fuska kamar an yi masa bashi.

Na fasa farin goro, na ba Ajuwa rabi.
Ta tauna, ta ce fita ba ta mutuwa,
saiwarta na can ƙarƙashin toka tana jiran ruwan fari.
Ban tambaye ta koko ba.
Ita ma ba ta ce komai ba.

Da dare na hau benen Malam Sidi shan iska.
Fitilun Kejetiya na nan yadda suke,
masu kelewele na ta suya, rediyo na ta surutu.
Amma can arewa, ƙasa-ƙasa,
akwai wani jan zare da ba na alfijir ba.
Na lashi yatsa, na ɗaga sama
in ji ta ina iska ke tahowa.