Noti na Biyar

A El Alto iska ba ta cika huhu,
sai ka ja numfashi biyu ka sami na ɗaya.
Ƙarfe biyar na asuba, garejin babana,
littafin fiziks a kan durom,
shayina ya huce tun ban juya shafi ba.

Tambaya ta goma sha huɗu:
sifana mai tsawon santimita talatin,
hannu ya danna da niyuton ɗari biyu,
nawa ne ƙarfin murɗa?
Na rubuta dubu shida.
Malama Ticona ta zagaye shi da jan biro,
ta ce, "Wara, da wannan amsar
ai har ƙafar jirgin ƙasa kya kwance."
Ban mai da santimita mita ba.
Sittin ne. Sittin kacal.

Can gefe Eusebio, babana,
yana kokawa da tayar ƙaramar bas.
Noti huɗu sun ba da kai,
na biyar ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe.
Tsatsa ta kama shi tun damina.
Baba ya ja, ya ja, jijiyar wuya ta miƙe,
kafaɗar nan da likita ya ce a bar ta ta huta
ta amsa da ƙas.
Ya zagi notin da Aymara,
ya sake da Sifaniyanci ko zai fi ji.

Sai ya jawo tsohon bututu daga ƙarƙashin benci,
ya zura a wutsiyar sifana.
Mita ɗaya da rabi ke nan yanzu.
Na buga a ka:
ɗari biyu sau ɗaya da rabi, ɗari uku.
Ninki biyar,
kuma hannun dai shi ne, kafaɗar dai ita ce.

Amma bututun ya ɗaga kai sama, a karkace.
Na ce, "Baba, sake ɗora sifanar,
bari bututun ya kwanta daidai da ƙasa.
Ƙarfin da ya bi tsawon ƙarfe asara ne,
wanda ya faɗo masa a tsaye shi ke aiki."
Ya ce, "In ji wa?"
Na ce, "Sayin kusurwa."
Ya ce, "Ban san shi ba. Ɗan wane gida ne?"
Ya dai gyara.

Na cire safar hannu, na kama bakin bututu,
sanyinsa ya cije ni har ƙashi.
Na ɗage ƙafafu.
Kilo hamsin ɗina, da rigar sanyi, da takalmi,
duk na rataya a can ƙarshe,
ɗari bakwai da wani abu.
Shiru.
Sai notin ya yi kuka
irin na ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba,
na sauko a hankali kamar guga.

Baba bai ce komai ba.
Ya ɗaga bas a jak, ya wulwula tayar da tafin hannu,
muka tsaya muna kallo,
gefen yana gudu, tsakiya kamar tana barci,
alhali tare suke kammala kowane zagaye.

Mama tana São Paulo, shekara uku,
tana taka keken ɗinki a wani ɗaki marar taga.
Kuɗin littafin nan daga can ya zo,
da kuɗin likitan kafaɗa.
Na so in rubuta a gefen shafi
cewa na nesa ne ke juya gida.
Ban rubuta ba.
Malama Ticona za ta tambayi ma'auni,
ni kuwa ban san da me ake auna wannan ba.

Baba ya miƙo mini notin, da ɗuminsa.
Saura tambaya shida, rana ta taɓa dutsen Illimani.
Na ɗora shi a kan shafi don kada iska ta rufe.