Littafin Ɗakin Sanyi

Wai a Sakkwato za a yi cakulan.
Ranar da na ji, sai da na aje ludayi na yi dariya:
garin da kwalta ke laushi a watan huɗu,
mai ƙanƙara bai kai Kwannawa da hajarsa,
nan za a kawo abin da tafin hannu ke narkarwa?

Ga ni yau shekara uku a hanyar Kalambaina,
ni ke riƙe da littafin ɗakin sanyi.

Koko ne, amma ba na gero ba.
Daga kurmi yake zuwa a bayan tirela,
buhunansa na warin daminar da ba tamu ba.
A gasa, a ɓare, a niƙa har inji ya gaji,
sai ya fito yana sheƙi
kamar fatar da dukawa suka gama gogewa.

Doka goma sha ɗaya ce a bangon ƙofa.
Ba zobe, ba awarwaro, ba goro a baki.
Ba turare, ko na wuta ne ya kama mayafi,
don cakulan ɗan tsegumi ne,
ƙamshin da ya ji sai ya kai shi kasuwa.
Kulu ta yi lalle don sunan ɗan ƙanenta,
aka mai da ta gida kwana biyar, babu ko sisi.
Ta dirje hannu da lemun tsami har ya saɓule.

Tawa dokar ita ce ta tara:
kowace awa a duba ma'auni, a rubuta, a sa hannu.
Sha takwas. Sha takwas. Sha tara.

Daren Laraba janareta ya yi tari biyu, ya kwanta.
Modi ya shige ƙarƙashinsa da tocila a baki.
Ƙarfe ɗaya, ashirin da uku.
Ƙarfe biyu, ashirin da takwas.
Kafin assalatu, talatin da huɗu,
kwali ɗari shida na odar Sallah suna ta zufa a duhu.
Da sanyi ya dawo sun daskare,
sai dai da furfura a fuska,
kamar sun tsufa a dare guda.

Manaja Jabbi ya shigo da hantsi, kansa ba hular aiki.
Ya ce, “Wanga shafi, Inno, sake shi.
Sufeto na tahe ran Litinin.
In munka zubda kayan ga,
albashin mutum arba'in munka zubda, har da naki.”

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa ta yi nauyi.
Na san bashin da ke kan Modi a wurin mai hatsi.
Na cire marfin biro, na mayar.
Sai hannun Kulu ya faɗo mini a rai:
in lalle kwana biyar ne,
talatin da huɗu kwana nawa ke nan?

Na bar shafin yadda dare ya bar shi.
Muka kwance kwalaye, muka mai da kaya tukunya,
dare uku muna narkarwa, muna sake zubi,
ba wanda ya rubuta mana awannin.

Sufeto ya zo. Ya girgiza tulun kashe gobara,
ya leƙa bayi, ya ƙirga tagogi,
ya buga hatimi daidai ƙasan talatin da huɗu
yana amsa waya.

Yanzu teburin naɗi aka mai da ni,
littafin yana hannun wani yaro mai saurin rubutu.
Ran albashi na sayi ƙwaya ɗaya don 'yata.
Kafin mai keke ya sauke ni Mabera ta zama ruwa.
Ta lashe takardar tas, ta ɗago kai ta ce,
“Inna, ku kuka yi?”
Na ce, mu muka yi. Har sau biyu.