Hasken Aro

Na ce da Morenike: ƙarfe biyar,
ƙarƙashin gadar Obalende,
lokacin da rana ke rage zafin kai
ta leƙo ta tsakanin ginshiƙai.

Ban zo da fitila ba.
Hasken da ba a biya nake farauta,
shi kuwa ba ya jiran kowa.

Ta tuɓe takalmi a kan wani kwali,
ta ce, "Ina makaɗan?"
Na nuna mata sama:
tayoyi na dukan gada,
kwandasta na ta rera Oshodi, Oshodi.

Ta wurga hannu. Na danna.
Hannun ya riga ni,
hayaƙinsa kawai na kama.
Kafin in sake, gajimare ya taso daga teku
ya zauna mana a kan rana
kamar baƙon da bai san tafiya ba.

Mai gasa masara ta tuntsire da dariya:
"Malam, ranarka ta gudu!"

Muka jira.
Gumi ya bushe a wuyanta.

Sai ga danfo ta ci birki, ruwan ɗorawa shar,
rana ta kufce, ta bugi cikin motar,
ta dawo ta kwanta a kuncin Morenike.
Ba rawa take ba.
Tsaye take da ƙafa ɗaya,
ta cije leɓe,
tana cire tsakuwa daga tafin ƙafa.

Ɗari biyu da sha ɗaya na ɗauka ran nan.
Wannan kaɗai na wanke.
Ta duba, ta yamutsa fuska:
"Ai nan ban fara ba."
Na ce, rana ce ba ta sani ba.