Ragowar Feshi

A kudancin Jojiya, inda auduga ke fari har iyakar gani,
Wendell Pruitt ya tsaya a kunya ta goma sha bakwai,
hularsa a hannu.

Shekara tara magani guda yake fesawa.
Ciyawa takan kwanta cikin mako
kamar wadda aka yi wa baki.
Fartanyar ubansa na rataye a rumfa,
tsatsa ta cinye mata baki,
gizo-gizo ya ɗinka mata riga.

Yau ga wata a tsaye.
Dangin alayyafo ce, ja a ƙafa, kai a sama.
Sau biyu aka yi mata feshi,
ta shanye kamar raɓa,
ko ganye ɗaya ba ta sunkuyar ba.

'Yarsa Loretta, da ta karanto noma a birni,
ta durƙusa, ta murje kan ciyawar a tafinta.
Ƙwayoyi suka zubo baƙi ƙirin,
riɗi ma ya fi su girma.

"Baba, maganin bai koya mata komai ba.
Tankaɗe kawai ya yi.
Cikin miliyoyi, ɗaya ta zo da jini dabam,
ba wayonta ba ne, haka ta faɗo.
Kai ka kashe mata 'yan'uwa,
ka share mata fili,
ka bar mata rana da taki ita kaɗai.
Ta zubar da iri dubu ɗari biyu.
Iska ta ɗauki garin furen danginta
ta tsallaka da shi kwalta, har gonar Hobbs.
Damina ta zagayo, ka sake tankaɗewa,
rariya dai ita ce ta bara.
Tsakin da ya rage a kai, shi ka yi ta kiwo."

Wendell ya kama karan da hannu biyu.
Kaurinsa ya kai ƙotar gatari.
Ya ja, ƙugunsa ya amsa,
ita ba ta amsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari tun asuba
Eusebio ya iso da mutum takwas a bayan mota.
Aka sauko da tsohuwar fartanya,
aka wasa ta a dutse har ta yi ƙara.
Duk wadda suka tuge sai an fitar da ita gona,
don in ta kwana a ƙasa mai laima
saiwa take sakewa.

Loretta na lissafin gyaɗa baɗi,
da hatsin rufe ƙasa in sanyi ya shigo.
Shi kuwa yana kunya ta uku,
gumi na ɗiga daga haɓarsa,
saura ɗari huɗu.