Ba-Ruwana da Garin Kafe

Shekara tara ina gadin sito a Sabon Gari,
buhunan wake, buhunan aya.
Dare ne gonata, ido ne hauyata.
Kafe nake sha, kar barci ya sace ni
kafin ɓarawo ya saci aya.

Abokin aikina baƙi ne mai farin wuya,
Ba-Ruwana sunansa,
don ba ya haushi sai da dalili.
Ba ya shiga ɗakina, ba na shafa kansa,
amma tuwon dare kashi biyu ne.

Daren Talata Sha'aibu mai tebur ya tashi da wuri,
ya bar mani ajiya cikin leda,
garin kafe da ƙanensa ya kawo daga Abijan,
an cuɗe shi da madara da sukari.
Na aza bisa benci, na zaga bayan sito.
Kama ruwa minti nawa ne?

Na tarar da leda a yage, ƙasa a lashe,
gashin baki fari fat,
wutsiya na kaɗawa kamar ta wanda ya ci kasuwa.
Na yi dariya. Allah ya yafe mani dariyar nan.
Na ce, yau ka shiga sahun manya,
mu biyu za mu tarbi asuba ido biyu.

Ƙarfe ɗaya ba ta buga ba
zama ya gagare shi, tsayuwa ta gagare shi.
Ya kai ƙofa ya dawo, ya kai ƙofa ya dawo,
harshe waje, yana haki
kamar ya ƙetare Gulbi da gudu rana tsaka.
Ya yi amai. Ƙafafu suka kama kyarma.
Na sa tafin hannu a haƙarƙarinsa,
karon farko cikin shekara shida,
na ji zuciya na duka
kamar injin niƙa da ƙusarsa ta kwance.

Nono na fara nema, haka na ji ana yi wa guba.
Sai na tuna da Malam Arzika na elbaj,
mai yi wa awakin maigidana allura.
Wayar ta yi ƙara bakwai.
Ya ce, nono ba ya kashe wannan wuta.
Nawa ya ci? Tun yaushe?
Kawo shi yanzu, kar ka jira kiran salla.

Kabu-kabu uku suka ƙi mu.
Kare, bisa moto na?
Na huɗu, Laminu, ya dube shi, ya dube ni,
ya ce jikka biyu, naɗe shi da buhu.
Daren nan aya ta yi gadin kanta.

Gawayin asibiti aka ɗura masa,
allura ta lallashi kyarma,
ruwa na ɗiga cikin jijiya, ɗis, ɗis,
Malam Arzika na magana bai ɗaga kai ba:
Abin da ke buɗe maka ido
shi bulala ce ga zuciyarsa.
Jikinka buhu ne, nasa tiya.
Lasa guda daga kofi ba kullum take kisa ba,
amma garin, da ganyen shayin da kuke watsarwa,
kai, har goron da ke aljihunka,
nesanta su da bakinsa.
Na taɓa aljihu. Goro biyu.

Kwana biyu ya yi kafin ya nemi tuwo.
Maigida ya yanke mani jikka uku na barin ƙofa,
Sha'aibu har yau yana bina kuɗin leda.

Yanzu kafe na rataye a ƙusa, sama da kaina,
tukar shayi kuwa masai take tafiya.
Wajen ƙarfe uku, idan na kurɓa,
yakan ɗaga hanci, ya shinshina,
ya mayar da haɓa bisa ƙafafunsa.
Ba na tada shi.
In akwai dalili, zai yi haushi.