Takun Cindo

Wata uku ina zana yaro guda,
na raɗa masa suna Cindo.
Ido ya yi, kunne ya yi, har wushirya na ba shi.
Amma da na danna kwamfuta na ce taka,
sai ya sulale a kan allo
kamar an ɗora shi a tabarma ana ja.
Ƙanwata Ige ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, “Yaya, yaron nan bai taɓa cin tuwo ba.
Ba shi da nauyi.”

Ran kasuwa na gangara kwatar Yauri
da littafi da guntun fensir,
na zauna a kan kifaffen kwalekwale,
na hana idona kallon fuska.

Baidu zai jefa birgi.
Ashe ba gaba yake fara yi ba:
baya yake komawa,
ya murɗa ƙugu, ya tara kansa a ƙafar dama,
kamar mai karɓo bashi wurin ƙasa,
sannan ya saki.
Birgin ya buɗe, ya faɗa ruwa,
hannunsa bai gama jifan ba tukuna,
bakin rigarsa ma sai daga baya ya sami labari.

Tumba mai kifi ta wuce da daro a ka.
Wuya tsaye kamar an kafa shi,
duk rigimar tana ƙasa:
ƙugu na raba gardama tsakanin ƙafa da ƙafa,
wannan ta karɓa, wannan ta huta.
Dunduniya ke sallama,
babban yatsa ke ban kwana.
Na zana ta sau tara, sau tara ina kuskure gwiwa.

Wani dattijo zai tashi daga benci.
Sai da hancinsa ya wuce yatsun ƙafarsa
kafin benci ya yarda ya sake shi.

“Kai mai rubutu, haraji ne?” in ji Baidu.
Na nuna masa. Ya juya littafin sama da ƙasa.
“Wannan ba ni ba ne, ba kai, ba fuska.”
Ya yi shiru.
“Amma bayan nan nawa ne.
Tun shekarar ambaliya yake ciwo a daidai nan.”

Daren nan na dawo wa Cindo.
Hoto ashirin da huɗu kafin daƙiƙa guda ta cika,
injin maƙwabci na tari, sauro na karɓar rabonsa.
Na sauke masa ƙugu inda ƙafa ta ɗau kaya,
na karkata kafaɗa ta saɓa masa,
na bar hannu ya makara kaɗan.
Da asuba na danna.

Ya taka.
Ƙasa ta san an taka ta.

Ige ta zo da kofin koko, ta tsaya,
ba ta miƙo ba.
“Sake.” Na sake.
“Ka ga yadda yake jan ƙafar hagu?
Ka ga hannun nan da ya maƙale a baya?”

Ban je kwata neman wannan ba.
Ba ya cikin littafin, na duba shafi-shafi.
Takun Baba ne, in ya dawo daga fadama,
shekara shida ke nan da muka kai shi.

Na ɗora yatsa zan gyara.
Ta riƙe min hannu.
Kokon ya huce,
Cindo na ta tahowa, yana ta tahowa.